Yadda ake lissafin sola kafin a saya: nawa za ta rage maka a wata, kuma yaushe kuɗinka za su dawo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kwashe shekaru ina ɗaura wa mutane sola a nan cikin garin Sakkwato da ƙauyukan kewaye, kuma tambayar da anka fi yi min ita ce "malam nawa ne solar gida mai ɗaki uku?" Da wuya ka ji wanda ya ce nawa za ta rage min a wata, alhali wagga ta biyun ita ce ke nuna ko ka yi ciniki ko ka zubar da kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000, to daga nan kowa ya koma neman sola, wasu har da sayar da fili ko dabbobi. Wallahi yana min ciwo in ga mutum ya zuba miliyoyi bai yi lissafin da bai fi sati biyu da littafi ɗaya ba. Shi ne zan nuna maka yadda nake yi, kai ma za ka iya da kanka ba sai ka kira injiniya ba.

Abubuwan da za ka tanada

Littafi da biro, littafi sosai ba guntun takardar da yara za su yaga ba. Kalkuletar wayarka. Rasit ko saƙonnin sayen yunit na wata uku zuwa shida in kana da mitar kati, in kuma bil ake kawo maka to ka tattaro bil ɗin. Gora ko jarkar da ka san ainihin litarta don auna mai. Sai ƙaramar mitar nan da ake sokawa a soket a jona kayan wuta a jikinta tana nuna wat ɗin da abu ke ja, masu kayan lantarki na sayarwa, in ba ka samu ba babu laifi, akwai dabara a ƙasa. Na ƙarshe farashin kaya a rubuce daga shago uku daban-daban, kowane abu da kuɗinsa, ba a ce maka "duka miliyan kaza" ba.

Abu ɗaya kawai na karatu da kake buƙata: wat shi ne ƙarfin da abu ke ja a lokacin da yake kunne, in ka ninka shi da awannin da ya yi yana aiki ka samu abin da ya sha. Wat 1,000 na awa ɗaya shi ne yunit 1, yunit ɗin nan dai da kake saya a mita. Shi ke nan.

Mataki na 1: ka gano abin da wuta ke ci maka yanzu

Nan ne gindin lissafin gaba ɗaya, kuma nan mutane sunka fi yin sakaci. In na tambayi maigida nawa kake shan mai a wata sai ya ce "ai da yawa". Da yawa ba lamba ba ce. Ka ɗauki sati biyu kullum kana rubuta lita nawa anka zuba wa janareta da awa nawa ya yi, in yaro ake aika sayen mai ka riƙa aunawa da gorarka, don na 'yan bumburutu ba kullum yake cika lita ba. In kana son sanin abin da injinka ke sha a awa, ka cika tanki, ka kunna shi awa uku da kayan da kunka saba kunnawa, ka sake cikawa da gora kana ƙirgawa, ka raba da uku.

Amma ka kula, sati biyu na watan Afrilu ba shi ne shekara ba. A Sakkwato daga Maris zuwa Yuni zafi na wuce digiri 40, ba mai iya kwana ba fanka, injin yana aiki har tsakar dare, da hunturu kuwa wani gidan sai a yi kwana uku ba a tada shi ba. Don haka ka raba shekara kashi uku ka ba kowane kashi nasa. Bari in ɗauki wani gida irin na Mabera ko Arkilla mai falo da ɗaki uku mu riƙa misali da shi har ƙarshe: da bazara lita 4 a rana, da damina lita 3, da hunturu lita 2, in ka haɗa ka raba ya zama lita 3 a rana duk shekara. Zan sa lita a naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi, kai ka sa farashin gidan man unguwarku na yau. Lita 3 sau 1,000 sau kwana 30, naira 90,000 ke nan a wata. Ka ƙara baƙin mai da fulogi da kuɗin makanike, mu ce 8,000 a wata. Sai NEPA, mu ce gidan na sayen yunit na 15,000.

Ga wani abu da ke buɗe wa mutane ido. Gidan nan in ya kunna injin awa 5 da lita 4, kayan da ke kai fanka ne da fitilu da talabijin da firij, ba su wuce wat 500 ba, wato yunit 2 da rabi ya samu a naira 4,000. Yunit ɗaya ya tashi masa naira 1,600. Ka gwada da na NEPA: ko kuɗin yunit na Band A, wato rukunin da anka ce suna samun wuta awa 20 zuwa sama a rana, da hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kafin daga baya a sauko da shi wajen 209, bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na wannan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, man janareta ne ke biyan kuɗin sola, bil ɗin NEPA, wato kamfanin Kaduna Electric da ke ba mu wuta, ɗan ƙari ne kawai a kai.

Mataki na 2: ka ƙirga yunit ɗin da gidan ke sha a rana

Ka bi ɗaki-ɗaki da littafi, kowane abu ka rubuta wat ɗinsa, guda nawa ne, awa nawa yake yi. Wat ɗin yana rubuce a bayan abin ko ƙarƙashinsa, in bolt da amfiya kawai anka rubuta ka ninka su biyun. Ga na gidan misalinmu a lokacin zafi:

Ƙwan LED 8, wat 10 kowanne, awa 6, ya ba da 480.
Fankar sama 3, wat 70, awa 10, ya ba da 2,100.
Talabijin da dikoda wat 90, awa 5, ya ba da 450.
Firij wajen 1,200 a yini da kwana.
Cajin wayoyi da kwamfuta 200.
Injin jan ruwa wat 750 na rabin awa, 375.

Jimla 4,805, wato yunit 4.8 a rana.

Firij da firiza ba a ninka wat ɗinsu da awa 24, don injinsu yana tashi yana hutawa, shi ya sa mitar soket ta fi amfani a nan, ka jona ka bar ta kwana ɗaya cur ka karanta. In ba ka da ita amma kana da mitar kati, ranar da wuta ta zauna ka kashe komai ka bar firij kaɗai awa uku ka duba yunit nawa ya ragu, ka ninka da 8 ka samu na awa 24. In ita ma babu, ka ɗauka yana aiki rabin lokaci da zafi. Kuma ka zauna da uwargida ku yi wanga lissafi tare, ita ce ke gida da rana, ita ta san fanka nawa ke juyawa bayan ka fita kasuwa da ko ana jona hita don ruwan wankan yara da hunturu, kai ba ka sani ba.

Dutsen guga yana jan wat 1,000 zuwa sama, hita da risho na lantarki ma haka ko fiye, AC mai doki ɗaya wajen 750 zuwa 900. Ka yanke shawara tun yanzu ko suna cikin sola ko a'a, don AC ɗaya na awa 6 da dare zai sha kusan abin da gidan nan duka ke sha a yini.

Mataki na 3: ka raba na dare daban na rana daban

Wanga mataki gajere ne amma shi ke yanke girman batir, batir kuwa shi ne ya fi komai tsada kuma shi ke fara mutuwa. Abin da ka sha da rana daga fanel, wato faifan da ke karɓar hasken rana, yake zuwa kai tsaye, kusan kyauta. Abin da ka sha daga magariba zuwa hantsi sai an ajiye shi a batir. A gidanmu: fitilu duka 480, fanka awa 8 cikin 10 ɗin 1,680, talabijin awa 3 ya ba da 270, firij 600, caji 100, jimla wajen yunit 3.1 da dare, sauran 1.7 da rana. Duk abin da za ka iya mayarwa rana ka mayar, jan ruwa tsakanin ƙarfe 11 da 2, guga haka, firiza ta yi ƙanƙara da rana a kashe ta da dare.

Mataki na 4: girman batir, fanel da inbata

Batir tukuna. Yunit 3.1 ɗin nan ba shi za ka nema ba, inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, tana cin wajen kashi 10 cikin 100 wurin juya wuta, sannan ita kanta ko ba abin da ke kunne tana jan nata, da yawansu wat 30 zuwa 60, mu ce 40 na awa 13 na dare rabin yunit ke nan. In ka haɗa kana buƙatar wajen yunit 4 daga batir kowane dare.

Batir mai ruwa, dogon nan na 220Ah bolt 12, in ka ninka 220 da 12 yana ɗaukar yunit 2.6, amma rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 1.3. Yunit 4 a raba da 1.3 ya ba da uku da ɗan wani abu, kuma tunda bibbiyu ko hurhuɗu ake jera su, huɗu za ka saya. Na lityum mai yunit 5 kuwa ana shan kashi 80 cikin 100 ba tare da an cutar da shi ba, guda ɗaya ya ba ka yunit 4 ɗin daidai. Ka tabbata bolt ɗin batir ya dace da na inbata, akwai na 24 akwai na 48.

Sai fanel. Allah Ya ba mu rana a Sakkwato, in anka dunƙule hasken yini guda ya kai kamar awa 6 na cikakkiyar rana, kaɗan ne wurare a Najeriya sunka kai mu. To amma kada ka ninka wat ɗin fanel da 6 ka ce ka gama. Lambar da anka rubuta a bayan fanel an auna ta ne yana digiri 25, a kan kwanonmu da azahar jikinsa na kai 60 zuwa sama, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi ɗaya cikin 300 na ƙarfinsa, ka ga zafin nan da muke ganin shi ne alheri yana cinye fiye da kashi 10 cikin 100. Ga ƙurar hunturu, ga hadarin Agusta, ga asarar waya. Ni abin da nake sa wa a lissafi shi ne kowane wat 1,000 na fanel zai ba da yunit 4 a rana, in ya ba da fiye riba ce. Gidanmu na shan 4.8, ƙara abin da inbata ke ci na awa 24 da asarar caji, ya kai wajen 6 da rabi, a raba da 4 ya ba da wat 1,600 da ɗoriya. Fanel 3 masu wat 550 sun kai da ƙyar, ni 4 zan sa, don fanel shi ne mafi arha a cikin kayan kuma shi ya fi daɗewa, masu kyau ana ba su garanti na shekara 25, batir kuwa in ba ya cika kullum mutuwa yake da wuri.

A nan ka yi hattara da fanel da anka canza wa takarda. Na wat 550 na gaske tsawonsa ya fi mita 2 da kwata, faɗinsa ya ɗan fi mita 1, nauyinsa wajen kilo 27, mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaga shi. In anka nuna maka ƙarami an manna 550 a baya, ka sa tef ka auna a gaban mai shagon.

Inbata kuma ka haɗa wat ɗin duk abin da zai iya kunnuwa lokaci ɗaya, namu wajen 1,400, amma injin ruwa da firij suna fizgar ninki biyu zuwa uku lokacin tashi, don haka ka nemi mai 3 zuwa 3.5kVA. Ka sani kVA, ma'aunin da ake rubuta ƙarfin inbata da shi, ba wat ba ne, da yawa sai ka ninka da 0.8 ka samu ainihin wat ɗin. Abin da ke caja batir daga fanel iri biyu ne, MPPT da PWM, ka nemi inbata mai MPPT a ciki, PWM yana zubar da ƙarfin manyan fanel ɗin nan.

Mataki na 5: jimlar kuɗin, har da abin da ba a faɗa maka

Lambobin nan na misali ne, farashin kayan sola dala yake bi, kai ka sa waɗanda shagunan nan uku sunka rubuta maka. Fanel 4 a 130,000 ya ba da 520,000. Inbata 450,000. Lityum 1,300,000, ko masu ruwa 4 a 250,000 wato miliyan 1. Waya mai kauri, bireka, abin kare tsawa, sandar ƙasa, ƙarfen ɗaura fanel da walda 280,000. Kuɗin aiki da dako 150,000. Da lityum ya tashi 2,700,000, da masu ruwa 2,400,000.

Layin nan na waya da ƙarfe shi ake ɓoyewa a ba ka farashi mai daɗi, sai an fara aiki a ce kawo kaza. Kuma kada ka rage kuɗi a nan, siririyar waya zafi take tana cin wuta, ƙarfe marar ƙwari kuwa iskar farkon damina da ke ɗaye kwano a garin nan za ta tafi da fanel ɗinka gidan maƙwabci. In kana da tsohon janareta da za ka sayar ka cire kuɗinsa daga jimlar, ko da yake ni ina ba da shawarar a bar shi don ranar larura.

Mataki na 6: abin da za ka rage a wata

Ka ɗauko na mataki na 1: mai 90,000, sabis 8,000. NEPA ba za ta tafi duka ba, za ka ci gaba da guga da ita da caja batir ranar hadari, mu ce ta sauko daga 15,000 zuwa 5,000, ka rage 10,000. Jimla 108,000. Sai ka cire abin da zai rage a kanka, ɗan man da za a zuba jefi-jefi da ruwan batir da ladan mai wanke fanel, mu ce 8,000. Abin da ke hannunka naira 100,000 a wata.

Gargaɗi biyu. In ba ka da mita, bil na ƙiyasi ake kawo maka, to sola ba ta rage maka ko sisi a can, bil zai ci gaba da zuwa yadda yake, sai dai ka nemi mita ko ka je ofis ka rubuta a cire ka a hukumance ka riƙe takardar, don haka a lissafi ka sa sifili. Na biyu, rarar wutar da fanel ya yi bayan batir ya cika ba wanda ke biyan ka ita, tafiya take a banza, kada wani ya ninka maka duk abin da fanel zai iya bayarwa da farashin yunit ya ce shi ne ribarka. Abin da ka daina biya da aljihunka shi kaɗai ake ƙirgawa.

Mataki na 7: watannin da kuɗi za su dawo, da maganar canjin batir

Ka raba jimlar kuɗi da abin da kake ragewa. Lityum: 2,700,000 a raba da 100,000, wata 27. Masu ruwa: wata 24. A nan masu sayarwa ke tsayawa, kuma in ka tsaya nan sai ka ce ai masu ruwa sun fi. Ci gaba da lissafi.

Batir mai ruwa ba ya shiri da zafi, an san duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa kusan biyu, mu kuwa ɗakunanmu da bazara ko da dare ba su sauka 30 ba. A abin da na gani da idona a garin nan shekara 2 zuwa 3 suke yi in ana kula da su, in ba a kula ko shekara da rabi ba su kai. Akwai gidan wani dattijo da na je dubawa, an jera masa batura huɗu a sito mai rufin kwano ba silin ba taga, ba wanda ya gaya masa ana ƙara musu ruwa, wata 14 sunka kumbura, kuɗin fansho ne ya sa a ciki, har yau in na tuna raina na ɓaci. To mu ce masu ruwa za su yi wata 30. Ka fita daga bashi a wata na 24, zuwa wata na 30 ka tara 600,000, sai ga sayen batir na miliyan 1, ka koma baya da 400,000, sai wata na 34 ka sake fita. Haka za ka yi ta yi.

Don haka ka shimfiɗa lissafin shekara 10. Abin da za ka rage 100,000 sau wata 120, miliyan 12. Da masu ruwa: 2,400,000 na farko, canjin batir sau uku miliyan 3, canjin inbata sau ɗaya 450,000, jimla 5,850,000, abin da ya saura maka 6,150,000. Da lityum, irin LiFePO4 mai kyau yana yin caji dubbai, amma ni ba na sa masa fiye da shekara 8 a lissafi saboda zafinmu: 2,700,000, canji sau ɗaya 1,300,000, inbata 450,000, jimla 4,450,000, ya saura 7,550,000. Ka ga wanda ya fi tsada ranar saye shi ne ya fi arha da kusan miliyan ɗaya da rabi. Kuma wata dabara da nake roƙon kowa ya yi, daga watan farko ka riƙa ware kuɗin batir na gaba kamar zubin adashi, mai ruwa wajen 33,000 a wata, lityum wajen 14,000, don in ba ka ware ba kuɗin man da ka huta da saye cefane zai cinye su ba ka sani ba, ranar da batir ya mutu ka koma janareta da fanel a kan rufi suna kallonka.

Mataki na 8: ka jijjiga lissafin ka ga ko zai tsaya

Mi zai faru in lita ta sauko 800? Man wata ya koma 72,000, ragin ya zama wajen 82,000, lityum ya koma wata 33. Har yanzu da kyau. In ta hau, kai ne da riba.

Amma ga wanda ba ya kunna janareta ko kaɗan, in an ɗauke wuta ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, lissafinsa daban ne kuma gaskiya ce dole in faɗa. Yunit 4.8 sau 30 yunit 144 ne a wata. Ko a Band A yake, wajen naira 30,000 ne, 2,700,000 sai ta yi wata 90, shekara 7 da rabi, daidai lokacin da batir ke neman canji. In yana Band C ko D da yunit bai kai naira 70 ba, bai fi 10,000 a wata ba, kuɗin ba za su dawo ba kafin kayan su tsufa. Irin wanga mutum in ya sa sola ya sayi barci mai daɗi ne da sanyin ruwa da lafiyar tsofaffi da jarirai a watan Afrilu, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi ba na raina shi, sai dai ya san jin daɗi ya saya, kada a ce masa jari ne. Don sanin ainihin farashin yunit ɗinka ka raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da anka ba ka a rasit, haraji ma ya shiga ciki ke nan.

In biya kaɗan-kaɗan za ka yi, ka sa jimlar abin da za ka biya har ƙarshe a mataki na 5, ba farashin kuɗi hannu ba. In kuma kuɗin jarinka ne na ajiyar albasa ko kiwon ragunan layya, ka tambayi kanka nawa suke kawo maka a shekara ka gwada da 1,200,000 ɗin da sola ke ragewa. Mai sana'a a gida, ƙanƙara ko zoɓo ko kunun aya ko cajin waya, ya rubuta ƙarin cinikin a layi daban kuma ya sa rabin abin da yake zato, don cinikin watan azumi da zafi ba shi ne na Disamba ba.

In kuɗin ba su kai ba, kada ka sayi ƙananan kaya masu arha ka ɗora musu gida duka. Ka fara rage abin da gidan ke sha: fankar sama mai wat 70 in ka canza ta da mai ƙarancin cin wuta da ake kira ta DC, mai wat 25 zuwa 30, fanka ukun nan na dare sun sauko daga 1,680 zuwa wajen 700, kusan yunit ɗaya ka cire daga batir, kuɗin fankokin bai kai na batir ɗaya ba. Ko ka sayi inbatar da za ta ɗauki ƙari nan gaba da cikakkun fanel da ƙaramin batir, firij da injin ruwa su yi aiki da rana, dare fitila da fanka kaɗai. Lityum yawanci ana iya ƙara masa ɗan'uwansa iri ɗaya daga baya, masu ruwa kuwa ba a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Mataki na 9: bayan an ɗaura, ka ci gaba da rubutu wata uku

Lissafin nan duka yana rushewa ne ta hanya ɗaya, wuta ta samu awa 24 sai gida ya canza hali, a ƙaro firiza, a bar fanka na juyawa ɗakin da ba kowa, maƙwabci ya roƙi waya ɗaya, wata uku a ce sola ba ta da kyau. Yawancin inbata suna nuna yunit ɗin da fanel ya bayar a rana, ka riƙa rubutawa da magariba, da asuba kuma ka duba abin da ya rage a batir. Fanel 4 ɗin nan in batir na da wurin karɓa ya kamata ka ga yunit 7 zuwa 9 ranar da sama ta yi garau. In ka ga ƙasa da haka sosai ka hau ka duba: ƙura ce, ko inuwar dogon yaro ko tankin ruwa ce ke faɗawa kan fanel ɗaya da la'asar, don inuwa a kan ɗaya tana jan sauran da ke layinsa. Fanel su kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 13 zuwa 15, a bar tazarar da hannu zai shiga tsakaninsu da kwano iska ta riƙa ratsawa. Da hunturu a wanke su duk sati da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi, kada a watsa musu ruwan sanyi da rana tsaka gilashin na da zafi. Batir a ɗakin da ya fi sanyi a gidan mai shigar iska, masu ruwa a duba su duk wata a ƙara ruwan batir na kwalba, ban da na rijiya ko na leda.

Ƙarshen wata na uku ka ɗauko shafin mataki na 1 ka ajiye kusa da sabon, lita nawa ka saya, yunit na nawa ka loda, ka cire. In abin da ya fito ya yi kusa da 100,000 ɗinka to wata 27 ɗin nan na nan, in ya gaza da yawa ka koma jerin mataki na 2 ku bi ɗaki-ɗaki da uwargida ku nemo abin da anka jona wanda ba ya cikin littafi.